Cin gurbin mota biyu don gudun a lotsa maka ƙofa: dabara ce ko son kai?

Sani_Agege:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da magana, kuma na san wasu za su ji haushi. Ni a ganina, mutumin da yake da mota mai ɗan kyau a garin nan na Legas, in ya shiga wajen ajiye motoci na manyan kantuna ko asibiti ko ɗakin biki, ya hau kan layi ya ci gurbi biyu, ban ga laifinsa ba. Gurbin da suke zanawa ya yi ƙanƙanta, mutane kuma ba sa buɗe ƙofa da hankali. Ka fito ka tarar an lotsa maka ƙofa ko an ƙwarzane fenti, wanda ya yi ya ƙara gaba, masu wajen kuma sun kafa allo cewa ba ruwansu. To wa zai kare maka motar in ba kai ba? Mai hujja ya kawo, ban da zagi.

MamanIhsan_Ketu:
Wa alaikumus salam. Malam Sani ashe ku ne! Ranar Asabar mutum ya yi ta zagaye a Ikeja da yara a mota suna kuka, yana hango gurbi, ya matso ya tarar rabi ne. Allah ya shirye ku.

Sani_Agege:
Hajiya na ce ban da zagi.

MamanIhsan_Ketu:
Addu'a na yi maka ai.

DanZango77:
Hahaha. Amma maganar gaskiya Sani, dabarar ba ta ma ci. Wanda ya hau layi biyu shi ne ake nufa da gangan. Akwai masu ƙananan motoci da za su cusa tasu a ragowar rabin don kawai su koya maka hankali, ka dawo sai ta ƙofar fasinja za ka shiga. Akwai kuma marasa tsoron Allah da za su bi gefen motar da makulli tun daga fitilar gaba har ta baya. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Injiniya_Bello:
Bari mu sa awo a maganar, don Sani bai yi ƙarya ba wajen cewa gurbin ya matse. Yawancin gurbin da ake zanawa faɗinsa mita 2.4 ne zuwa 2.5. Corolla faɗinta ya kusa mita 1.8. In Corolla biyu suka tsaya kowacce a tsakiyar gurbinta, tsakaninsu bai wuce santimita 70 ba. Land Cruiser da Sienna kuwa sun kusa mita 2, to in biyu irinsu suka jeru sararin ya koma wajen santimita 50. Ƙofar gaba in ka buɗe ta yadda babban mutum zai fita a sake, ta cinye wannan sararin har ta nemi ƙari. Wannan fa in kowa ya daidaita ne. Da mutum ɗaya ya karkace, na kusa da shi ma dole ya karkace, haka za a yi ta turawa har ƙarshen layi. Shi ya sa wani lokaci wanda ka gani a kan layi ba shi ne ya fara ba, wanda ya fara ya daɗe da tafiya.

Abu_Khadija:
Injiniya a cire Sienna daga cikin masu laifi. Ƙofofinta na baya ja ake yi, ba sa buɗowa waje. Ni in na ga Sienna cike da yara hankalina ya fi kwanciya da in ga jif cike da yara. Wadda nake tsoro ita ce mota mai ƙofa biyu, ƙofarta doguwa ce kuma ga nauyi.

Injiniya_Bello:
Haka ne, amma direban Sienna da na kusa da shi ta ƙofar gaba suke fita, kuma faɗin yana nan.

Usman_MaiBodi:
Ni wannan sana'ata ce, gyaran bodi da fenti nake a wajen Mushin, to bari in gaya muku abin da ake kawo mana. Lotsawar ƙofa da Malam Sani yake tsoro ita ce mafi sauƙi. In fentin bai fashe ba, kuma ba a kan layin lanƙwasar bodi ta faɗa ba, ana cire bangon ƙofar na ciki a tura ta a hankali da ƙarfe, ta dawo ba a taɓa fenti ba. Ƙwarzane ma kala biyu ne. Ka jiƙa wajen da ruwa, in layin ya ɓace to a saman fenti ya tsaya, goge shi kawai za a yi. In kuma ka bi da farce ka ji yana kamawa, ko kana ganin fari ko toka a ƙasa, ya ratsa, sai fenti.

Abin da yake cin kuɗi shi ne kusurwar bamba da fitila, kuma yawanci wajen fita da ribas ake yin su. Fitilar motocin yanzu guda ɗaya in ka je Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, ka ji kuɗinta sai ka zauna. Sannan fenti mai ƙyalli, musamman fari mai sheƙi da ja, ba a cika dace da kalar a ƙofa ɗaya ba, dole a haɗa da na kusa da ita a fesa don kada a ga bambanci a rana. Abin da mutum ya ɗauka aikin ƙofa ɗaya ne sai ya koma gefe guda.

Wani abu kuma, kada a bar ƙwarzanen da ya kai ƙarfe ya daɗe. Nan ba Kano ba ce. Iskar teku da damina, musamman masu zama Lekki da Ajah da Apapa, kafin ka ankara tsatsa ta kama, fentin ya fara kumbura ta ƙasa.

DanZango77:
Usman kai da ya kamata ka goyi bayan masu gangancin, su suke kawo maka kasuwa.

Usman_MaiBodi:
Danfo, bas-bas ɗin haya, kaɗai sun ishe ni, Alhaji.

Direba_Haladu:
Ni shekaru ina tuƙa maigidana, Ikoyi zuwa Marina zuwa filin jirgi, kuma motar ba tawa ba ce, in ta sami tabo ni za a tambaya. Ban taɓa cin gurbi biyu ba. Abin da nake yi shi ne in sauke oga a bakin ƙofa, ni in wuce can ƙarshe inda kowa yake ƙyashin tafiya. Duk rigimar a layukan kusa da ƙofa take, nan ake shiga da fita, nan masu sauri suke, nan ake sakin keken sayayya ya gangara. In na sami gurbin ƙarshe, wanda gefe ɗaya gini ne ko ginshiƙi, shi ke nan, na rage maƙwabci ɗaya, in matsa sosai jikin ginin in bar wa ɗayan gefen sarari. Kuma da ribas nake shiga kullum. Lokacin da kake shiga ka ga wajen da idonka, ka san babu yaro a ciki. Lokacin fita kuwa ba ka san me ya canza ba, gara fuskarka tana gaba. In na tsaya na naɗe madubi.

Kuma ina duba maƙwabci. Motar da duk jikinta tabo ne, mai ita ba zai ji komai ba don ya ƙara ɗaya. Wadda tayarta take a murɗe, haka zai fito a karkace. Wadda aka tsayar hanci a gicciye, ka bar ta ita kaɗai.

Zee_Surulere:
Baba Haladu shawararka mai kyau ce ga namiji da rana. Ni mace, in na fito bayan magariba da kaya a hannu, ba zan je can ƙarshen da babu fitila babu mutane ba don tsoron fenti. A ƙwarzane motar, in dai na shige ta lafiya.

Direba_Haladu:
Gaskiyarki 'yata. Da dare ƙarƙashin fitila, kusa da ɗakin masu gadi. Can ƙarshen ma da dare nan ɓarayin madubi suke aiki.

Aminu_Computer:
Tunda an zo kan ɓarayi. Mutane suna ta lotsawa, ni ɓarnar da na gani a wuraren ajiye mota ta wuce nan. Wani maƙwabcinmu ya je ɗaurin aure, cikin harabar ya cika, wasu samari suka nuna masa gefen titi suka karɓi kuɗi suka ce suna nan. Ya fito babu su babu madubi biyu. Wani kuma kwamfutar injin aka zare masa, ya sa makulli mota ta ƙi tashi. Shi ya sa za ku ga ana zana lambar mota a jikin madubi da gilasai da fitilu, don kayan da aka zana wa lamba ba sa saurin shiga kasuwa. Kuma don Allah a daina barin jakar kwamfuta a kujera. Ko babu komai a ciki, gilas ɗin za ka saya.

Sani_Agege:
Kun ga an bar maganata an koma sata. Ni tambayata, in an yi ɓarnar wa zai biya? In babu mai biya, a bar ni in kare kayana yadda na iya.

Sadauki_Obalende:
Ai masu wajen ne za su biya. An turo mana a WhatsApp cewa Kotun Ƙoli ta soke wannan allon da suke rubutawa wai ka ajiye mota a kan kasadarka. Wani alƙali ne ma ya kai otal ƙara ya ci.

Barista_Nafiu:
Malam Sadauki, wannan saƙon ya daɗe yana yawo, kuma a juye yake. Shari'ar da ake nufi ita ce ta Mai shari'a Anyah da otal ɗin Imo Concorde na Owerri. A 1986 ya sauka a otal ɗin, aka ba shi 'yar alamar roba a bakin ƙofa, ya ajiye Peugeot 505 ɗinsa ya kulle ya tafi da makullinsa. Da safe babu mota. Babbar kotu ta ba shi gaskiya, wannan shi ne ɓangaren da masu tura saƙon suka riƙe. Amma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe hukuncin, sannan a 2002 Kotun Ƙoli ta tabbatar da rushewar. Otal bai biya ba.

Abin lura shi ne makulli. Wanda ya kulle motarsa ya sa makulli a aljihu, waje kawai aka ba shi ya tsaya, ba a karɓi motar a hannunsa ba. Wanda kuwa ma'aikacin wajen ya karɓi makullinsa ya ja motar da kansa, wannan ya danƙa ajiya, kuma matsayinsa a gaban kotu ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Allon ba ya wanke kowane irin sakaci, amma kada kowa ya ɗauka an soke shi. Kowace shari'a da yadda ta faru. In an karɓi kuɗinka ka karɓi rasit, ka adana.

Sadauki_Obalende:
To fa. Ni har na tura wa mutane da yawa.

Hajiya_Balogun:
Barista maganar makulli ta taɓo ni. Ni kayan yadi nake sara a kasuwar Balogun, kuma duk mai zuwa tsibirin Legas da mota ya san yadda filayen nan na wajen Marina suke. Babu layi babu gurbi. Hanci da gindi ake jera motoci, layi huɗu layi biyar, ko dai ka bar makulli ko ka bar ta babu giya babu birkin hannu don su riƙa turawa. Na taɓa tsayawa ina kallo, yaro ɗaya ya zura hannu ta taga yana murɗa sitiyari, biyu suna turi da baya, wani yana buga but da tafin hannu yana cewa ya isa, ya isa. Abin da ke tsayar da motar dutse ne da suke jefawa ƙarƙashin taya, in bai kama ba sai bambar ta gaba ta tsayar da ita. To Malam Sani, a nan ina za ka ci gurbi biyu? Ko rabin gurbi ba ka da shi.

Ni yanzu in zan bar makulli, a gaban yaron nake zagaya motar da waya ina ɗaukar bidiyo, har da fuskarsa da allon mai da lambar tafiya. Ba faɗa, ina yi ina masa wasa. Tun da na fara haka suke sa tawa a jikin katanga. In kuma sari mai yawa zan yi, motar ma a gida nake barinta in ɗauki ta haya.

Zee_Surulere:
Hajiya wannan bidiyon na ɗauka, daga yau.

Maigadi_Damagaram:
Salamu alaikum manya. Ni aikin gadi nike a wani babban kanti, ina karanta ku tun ɗazu. Ku yi mana adalci. Mu biyu ne a ƙofa, ɗaya na ba da kati ɗaya na karɓa, motoci sun fi ɗari. Ta yaya zan ga wanda ya buga ƙofa a layi na shida? In na ce wa mai babbar mota oga gyara tsayuwa ka hau layi, wani ko gilas ba ya saukewa. Wani ya ce ka san ko ni wane ne. In ya kai ƙara ofis ni za a kora, ba shi ba. In kuma an goge motar wani, ni ne farkon wanda ake shaƙe wa wuyan riga.

Shawara ɗaya zan ba ku. In ka ga ɓarna, kada ka motsa motar, kada ka fita ƙofa. Kira mu nan take a duba kyamara. Wanda ya tafi gida ya dawo bayan kwana biyu, manaja cewa zai yi a waje aka yi. Kuma na'urar ba ta riƙe hoto har abada, sabo yana hawa kan tsoho.

Abu_Khadija:
Allah ya biya ka ɗan'uwa. Ni na lura ma gaisuwa kawai da ɗan na ruwa tana sa a sa maka ido a kan mota fiye da duk wani allo.

DanZango77:
In akwai kyamarar ke nan. Wasu wuraren kwankon ne kawai a rataye.

Fatima_Inshora:
Ba wanda ya ambaci inshora, kuma nan ne amsar tambayar Malam Sani take. Takardar da yawancinmu muke riƙewa, wadda ake nuna wa 'yan sanda, ba motarka take karewa ba. Tana biyan ɓarnar da kai ka yi wa wani ne. Tun daga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗinta naira 15,000 daga 5,000 ga motar gida, kuma abin da za ta iya biya na ɓarnar dukiya ya tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Ma'ana, wanda ya fasa wa wani fitila da ribas ya gudu, in takardarsa ta gaskiya ce, ya gudu ne daga abin da kamfani zai biya masa. Mutane ba su sani ba, sun ɗauka haraji ne kawai.

In kana so a gyara taka ko da ba a san wanda ya yi ba, sai cikakkiyar inshora, ita kuma ba ta yin ƙasa da kashi 5 cikin ɗari na kuɗin motar a shekara. Ko ita ma akwai wani kaso na farko da kai za ka ɗauka, saboda haka ƙaramin ƙwarzane yawanci daga aljihunka ne. Masu ƙyamar inshora saboda addini, akwai kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, masu lasisi. Kuma kowa ya duba lambar motarsa a NIID, rumbun bayanan inshora na intanet, don takardun bogi sun yi yawa, musamman in wani ka ba ya sabunta maka.

Sani_Agege:
Kin ga kin dawo kan maganata Hajiya Fatima. Ƙaramin ƙwarzane daga aljihuna ne. To.

Fatima_Inshora:
Daga aljihunka ne, amma gurbin da ka cinye ba daga aljihunka ba ne.

Malam_Idi_Araba:
Bismillah. Ta fuskar addini abin ba shi da duhu. Hadisin nan da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, ba cuta ba cutarwa, shi ne asali. Ba a tunkuɗe cutar da ake tsoro ta hanyar ɗora wa wani cutar da take tabbas. Kai tsoro kake kada a lotsa maka, mai yiwuwa a yi mai yiwuwa ba a yi ba. Wanda ka hana wa waje kuwa ka riga ka hana shi.

Amma ina so in juya kan ɗaya ɓangaren, don Malam Sani ma yana da haƙƙi. Malamanmu sun ce ganganci da kuskure a dukiyar mutane ɗaya ne wajen biya. Bambancinsu a zunubi ne kawai. In ka goge motar mutum, ko yaronka ya buga mata ƙofa, biya ya hau kanka, ko an gani ko ba a gani ba. Ka jira shi, ko ka bar lambarka wajen maigadi. In ya yafe, alhamdulillahi. Shi kuwa maigadi amintacce ne, ba a ɗora masa biya sai in sakacinsa ya tabbata, don haka a daina kama masa riga.

Sannan mu masallata mu duba kanmu. Ranar Juma'a a unguwanninmu, mutum ya makara, liman ya hau mumbari, ya jefar da mota a ƙofar gidan wani ko ya rufe layi gaba ɗaya. Mai gidan wataƙila ba Musulmi ba ne, wataƙila matarsa naƙuda take. An idar kuma ka tsaya gaisawa da ciniki. Mu baƙi ne a wurare da yawa a garin nan, irin wannan yana ɓata zama.

MamanIhsan_Ketu:
Allah ya ƙara ilimi Malam. Amma barin lamba a Legas? Ka bar lamba a kan ƙaramin tabo, a kira ka a ce sai ka sake fentin mota gaba ɗaya har da tsohon ciwon da ta zo da shi daga Kwatano.

Malam_Idi_Araba:
Shi ya sa ake ɗaukar hoto kafin a bar wajen, kuma a je wajen mai gyara tare. Abin da ka ɓata za ka biya, ba abin da ka tarar ba.

Usman_MaiBodi:
Sabon tabo ba ya ɓuya a wajenmu Hajiya. Gefensa fes yake, babu ƙura babu tsatsa, kuma fentin ɗaya motar yana jiki.

Garba_Tumatir:
Ku duk maganar kantuna masu layi kuke. Ku zo kasuwar Mile 12 da sassafe lokacin da manyan motoci suke sauke kaya. Abokin gabarka a nan baro ne da ɗan dako mai kwando a ka. Baro cike da buhun albasa in ya taho gangare, mai shi ma ba shi da iko da shi, yana ihu a ba da hanya ne kawai. Motar da ta toshe masa hanya ita ta jiyo. Ina gaya wa kwastomomina su tsaya nesa a filin da ake biya, su ɗauki yaro ya kai musu kaya. Wanda ya ce sai ya shigo har gaban rumfa da mota fara, to ya zo da kuɗin Usman.

Lawan_Tirela:
Ni ma ƙorafina ke nan a Apapa da Ijora. Tun da aka kawo tsarin Eto na kiran motoci a 2021 an ɗan sami sauƙin jerin gwanon da ake yi a kan gada, amma har yanzu ƙananan motoci suna zuwa su lafe a gindin tirela ko a gefen dama dab da taya. Wallahi daga sama ba ma ganinku. Kuma in zan karya kwana, gindin motar yankan ciki yake yi. Ka ga tirela a tsaye, ɗauka yanzu za ta tashi.

Aminu_Computer:
A Ikeja tun da aka hana acaba a watan Yunin 2022 madubaina suka huta. Sai dai korope, ƙananan bas ɗin haya, sun gaje su.

Sadauki_Obalende:
Wani ya yi mana bayanin bakin titi mana. Ni abin da ya fi ɗaure min kai, ka gudu daga filin biya saboda matsi, ka tsaya a waje, ka fito ka tarar janwe ya ɗauke ta. Kuma jan da ake yi wa mota mai giyar otomatik da tayoyin da ke ja a ƙasa yana iya kashe giyar.

Barista_Nafiu:
LASTMA, wadda aka kafa a 2000, ita ce mai kula da zirga-zirga, kuma dokar sufuri ta jihar ta 2018 ta hana tsayawa inda zai toshe hanya, ko kan hanyar masu tafiya a ƙasa, ko layin da aka ware wa manyan bas na BRT. Akwai kuma LASPA, hukumar da aka ɗora wa tsara ajiye motoci a jihar. Wanda ya karɓi kuɗinka a bakin titi ba riga ba rasit, ba shi da ikon halatta maka wajen da doka ta hana. In janwe ya zo shi ne farkon ɓacewa.

Injiniya_Bello:
Ƙari ɗaya tunda damina ce. Kafin ka zaɓi gurbi, duba inda ruwa yake gangarawa. Wanda ya ga ambaliyar Yulin 2017 a Lekki da Victoria Island, ko ta Yulin 2024, ya san filin ajiye mota yana iya zama tafki cikin sa'o'i kaɗan. Gurbin ƙarshen da Baba Haladu yake so, wani lokaci shi ne bakin kwata. In ka dawo ka ga ruwa ya haura rabin taya har ya shiga ciki, kada ka tayar. A ja ta zuwa wajen makaniki. Injin da ya zuƙi ruwa ya fi ƙofa goma tsada.

Direba_Haladu:
Haka ne Injiniya. Ina duba layin datti a jikin katanga, shi yake nuna inda ruwa ya taɓa kaiwa.

Sani_Agege:
Na karanta duka, na kuma ƙaru, musamman da Barista da Usman. Amma har yanzu ba a ba ni amsar wannan ba. In filin rabinsa babu kowa, ranar Talata da hantsi, wa na cuta in na hau layi? In kuma wajen biya ne, na ce a yanka min tikiti biyu, Malam, ya halatta?

Malam_Idi_Araba:
In masu wajen sun yarda sun sayar maka da gurbi biyu, haƙƙinsu ne, sun bayar. Amma masu wajen, ba yaron da ke bakin ƙofa ba.

Maigadi_Damagaram:
A wajenmu kati ɗaya mota ɗaya. Kuma filin da ka gani wayam ƙarfe goma, kafin azahar ya cika.

DanZango77:
In filin wayam yake, me ya kai ka hawa layi? Ai ba kowa kusa da kai.

Abu_Khadija:
A nan kam zan ɗan kare Sani. Ka je can nesa kai kaɗai, gurbi talatin babu kowa, ka dawo ka tarar wani ya bar duka ya zo ya manne da kai. Har yau ban gane dalili ba.

Injiniya_Bello:
Wasu ba sa iya daidaita mota da layin ƙasa, sai sun sami wata motar sun auna da ita.

Zee_Surulere:
To a riƙa koyar da fakin kafin a ba da lasisi mana. Mutum nawa ne a zauren nan aka gwada shi da ribas kafin ya karɓi nasa?

Garba_Tumatir:
Hajiya Zee kada ki tono wannan, za a watse.

MamanIhsan_Ketu:
Malam Sani, wai wace irin mota ce ma ake wannan rigimar a kanta?

Sani_Agege:
Camry ce 2009, amma fentin kamfani ne, ba a taɓa fesa ta ba.

Usman_MaiBodi:
Kawo ta in sa mata na'urar awon fenti tukuna, Alhaji. Motocin da ake shigo da su da yawa an taɓa su tun a can.